Na Ƙarshe a Rufe Shago

Kilomita Biyar, Bangui
12 ga Nuwamba, 2014

Zuwa ga ƙanina Zaharaddini,

Assalamu alaikum. Jiya Talata da hantsi ina zaune a kan tabarmar takaba ina tsintar shinkafa, Abdulganiyu direba ya yi sallama ya miƙo wasiƙarka ta bayan labule. Na karanta har na zo inda ka ce, "Yaya, ki sa Yaya Uwaisu ya je a auna jininsa, jinkirin nan da kika faɗa bai kwanta mini ba." Na sake karantawa. Na duba kwanan watan da ka sa a sama, sai na ga tun tsakiyar Satumba ka rubuta. Jiya kuwa kwanansa ashirin da ɗaya a ƙasa. Faifan ya zame daga cinyata, shinkafar ta watse. A lokacin ne na gane abin da ya sami mijina.

Ka yafe mini, na shiga magana ban gaishe ka ba. Ina fatan kana lafiya, da karatu, da mutanen gidan da kake zaune a Kano. Mu nan da sauƙi. Innarka tana zuwa mini kullum da safe. Ulfa ta koma cin abinci. Abdulganiyu ya ce kada ka ga laifinsa, hanya aka rufe, motocinsu sun yi sati biyar a Garwa-Bulai, iyakar Kamaru, suna jiran sojojin rakiya.

A waya an gaya maka ya faɗi a shago, shi ke nan. Waya a gidan nan kowa na tsaye a kanka, ga ta tana yankewa, shi ya sa na fi son takarda. Ranar ba a yi harbi ba ko ɗaya. Yana auna wa wata mata shadda, mita, sandar awon nan, ta suɓuce daga hannunsa, ya tsaya yana kallonta a ƙasa, sai shi ma ya bi ta. Kafin a sami mai babur da zai ɗauke shi, ya cika.

Kai ka tafi kafin rikicin ya yi tsanani, ba ka san yadda layinmu ya koma ba. Shagunan atamfa tara ne a bayan gidanmu ban da na mijina, ka sani. Yanzu da an ji tas daga wajen titin Koudoukou, kowa sai ya ja ridonsa, ƙofar ƙarfen nan, ya sa kwaɗo ya shige lungu. Mu mata daga tsakar gida muke ƙirgawa, don kowane rido da irin kukansa. Na Baban Ulfa shi ne na farko kullum. Har tsokanarsa suke yi, wai kafin mai bindiga ya gama yin niyya shi ya kai gida ya sha ruwa.

Bayan ƙaramar salla sai ya canza. A yi harbi, kowa ya rufe, shi yana tsaye a bakin shago yana kallon titi, sai can ya juya ya ja ridon. Mutane suka ce Uwaisu ya daina tsoro, ya miƙa wa Allah lamarinsa. Wani ya sa masa suna da yaren Sango, Yeke-yeke, wato sannu-sannu, kuma yabo ne. Ni ma na ji daɗi, shi ya sa na rubuta maka. Har na sa maka labarin shayin da ya zube masa a ƙafa ya jima bai janye ba, ina ganin abin dariya ne.

Akwai wanda ban rubuta maka ba. Sau ɗaya na tambaye shi, ya ce, "Hure, ina jin ƙarar. Amma kafin in ce wa ƙafata tashi, kowa ya gama." Na ce, "To jarumi, sai ka riƙa gaya mata da wuri." Dariya na yi, Zaharaddini. Yana yawan dafe ƙeya kuma, na ce rashin barci ne.

A wajen zaman makoki maza suna ta faɗin mutum ne da harsashi bai taɓa sa shi gudu ba. Ulfa ta ji, ta riƙe wannan da hannu biyu. Shekararta goma sha ɗaya, abin da ya rage mata ke nan.

Yanzu ga abin da ya hana ni zama. Tun da aka yi sadakar bakwai nake sauraron ridon nan. Na babanka, Baffa Nasidi, shi ne na ƙarshe yanzu. Da na yi tunani sai na ga tun kafin rasuwar shi ke rufewa dab kafin Baban Ulfa, ba wanda ya lura ne don akwai wani a bayansa. 'Yan layi har sun fara cewa ya gaji zuciyar surukinsa.

Ka yi mini bayanin abin da kuka karanta, dalla-dalla, yadda 'yar aji huɗu za ta gane. Kada ka ɓoye mini komai.

Yayarka,
Hureira

*

Kano
30 ga Nuwamba, 2014

Yaya Hureira,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina ƙara yi miki ta'aziyya. Allah ya ji ƙan Yaya Uwaisu, ya ba ki haƙuri, ya raya Ulfa. Ni lafiyata ƙalau, sai dai tun da na karanta wasiƙarki ban iya zama a aji da hankalina ba.

Kin ce kin yi dariya. To ni fa? Amsata ta farko ba yabonsa na yi ba? Har abokaina na karanta wa, ina alfahari da mutanen Kilomita Biyar. Sai bayan sati biyu aka yi mana darasin da ya sa na sake rubutawa. Da na san takardar za ta kwana a hanya da waya na buga. Na ga kamar ba abin gaggawa ba ne. Wannan ni zan ɗauka, ba ke ba.

Ga abin da aka koya mana. Masu bincike a ƙasashen Turawa sun tara dubban mutane, suka zaunar da kowa a gaban na'ura, aka ce da ka ga alama ta fito ka danna maɓalli. Suka rubuta saurin kowa. Sannan suka bi rayuwar mutanen nan sama da shekara goma. Da aka zo dubawa, waɗanda hannunsu ya fi jinkiri su aka fi samu a cikin waɗanda suka riga mutuwa, musamman ta ciwon zuciya da hanyoyin jini. Ba a gama sanin dalili ba. Ana zaton saurin da jiki ke amsa wa ido da kunne yana nuna yadda lafiyar cikin take, tun kafin mutum ya kwanta.

Malaminmu ya nuna mana yadda ake gwadawa ba na'ura. Mutum ɗaya ya riƙe ma'auni a tsaye ta sama. Ɗayan ya buɗe babban yatsa da manuniya a daidai ƙasansa, kada ya taɓa. Sai a saki ba tare da an gaya masa ba. Inda ya cafke, a karanta lambar. Mu a aji yawancinmu tsakanin sha biyar da ashirin da biyar muka kama. Mitar shago za ta yi. Ki gwada Baba in kin sami hali, ki gaya mini.

Na buga masa waya ranar da wasiƙarki ta zo. Na ce, "Baba, kana ciwon kai?" Ya ce, "Kai nake ciwo, da tambayoyinka. Karatu na aike ka ko duba?" Ya miƙa wa Inna. Kin san shi.

In ƙaramin asibitin unguwa yana aiki har yanzu, a lallaɓa shi ya je a auna masa hawan jini. Ke yake jin kunyarki, yanzu ma da kike cikin takaba ba zai iya yi miki tsawa ba.

Ki gaishe da Inna, ki shafa mini kan Ulfa.

Ƙaninki,
Zaharaddini

*

Kilomita Biyar
27 ga Disamba, 2014

Zaharaddini,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, sai Innarka da ƙafa ke damu, ni kuma abinci ba ya shiga. Wasiƙarka ta zo, kwana goma sha biyar ke nan, kuma na yi ɓarna da ita.

Na sa aka ɗauko mini mitar Baban Ulfa daga shago. Da farko wasa ya zama. Matan da ke zuwa taya ni zama kowa na so ta gwada. Innarka ta kama a sha tara, ta ce, "Hannun da ya saba cafke kunnen yara ai ba ya kuskure." Ulfa sha huɗu. Ni ashirin da biyu. Rabon da a yi dariya a ɗakin nan tun kafin rasuwa.

Sai Sabuwa matar Sharu mai leshi ta kama a talatin da huɗu. Ta ce, "To Maman Ulfa, na ci ko na faɗi?" Ni kuma da bakina na gaya mata abin da ka rubuta, cewa masu jinkiri su ke riga mutuwa. Ta ɗauki mayafinta ta fita ba sallama. Da la'asar mijinta ya zo ya tsaya a zaure yana ɗaga murya don in ji: "A gaya wa mai takaba ta ji da takabarta. Kwanakin mutane ba a shagon mijinta aka ajiye su ba." Yanzu ko'ina a kasuwa cewa ake Hureira tana auna ajali da sanda. Masu zuwa gaishe ni sun ragu.

Jiya bayan Juma'a Baffa ya zo. Ya zauna a bakin ƙofa, ya ga mitar a jingine, ya ce, "Wannan ce sandar da ake faɗa? Kawo in ga abin da ya rage mini, in san ko in saro sabon kaya." Ya miƙo hannu yana murmushi. Na saki. Zaharaddini, har ta bugi ƙasa yatsunsa a buɗe suke. Sai da ta kwanta ya rufe su a kan iska.

Ya ce, "Kin yi ha'inci, ban shirya ba." Na sake saki. Ya kama a sittin da uku. Na ce mu yi na uku, ya sa hannun cikin riga.

Na ce, "Baffa, don Allah ka je dispansar, asibitin unguwa, a auna maka tansiyo, hawan jinin nan."

Ya ce, "In ce musu me? Sanda ta faɗi a gidan 'yata?"

Maganar tana bakina. In ce masa haka Baban Ulfa ya fara, abin da kuke yaba masa ciwo ne. Sai Ulfa da ke zaune a gefe ta ce, "Mama, ki ƙyale Kaka. Shi irin Babana ne, ba ya gaggawa." Baffa ya dafa kanta ya ce, "Gaya mata dai." Na haɗiye abina.

Ka gane inda nake? Duk abin da aka ƙwace mana a shekara biyun nan, gidajen 'yan'uwa da ke wajen unguwa, da hanyar maƙabarta, da fita ko'ina, mutanen layin nan sun sami abu ɗaya da suke nunawa su ce mu ma muna da wanda bai gudu ba. In na buɗe baki, na cire masa wannan rigar yana kabari, a gaban 'yarsa.

Na yi ta ƙirga. Baban Ulfa daga fara jinkiri zuwa faɗuwa wata uku ya yi. Baffa na lura da nasa ƙarshen Oktoba. Wato ƙarshen Janairu ke nan? Ka duba a littattafanku, wanda ya kama a sittin da uku kwana nawa yake yi? Ka faɗa mini gaskiya, zan iya ɗauka.

Yayarka,
Hureira

*

Kilomita Biyar
20 ga Janairu, 2015

Zaharaddini,

Sallama. Lafiya dai? Motoci sun shigo sau biyu, na aika a tambayi Abdulganiyu, ya ce ba a ba shi komai ba. Na sa an buga maka waya sau huɗu ba ta shiga. Ko amsar ce ba ka iya rubutawa? In haka ne shirunka ya riga ya gaya mini.

Mu muna nan da rai. Baffa bai sake tako gidan nan ba. Ya aiko an karɓe mitar, wai kada ta ƙara jawo magana.

Ranar Asabar da rana tsaka aka yi harbi, kusa sosai. Ina wanke-wanke na tsaya da kwano a hannu ina ƙirgawa. Ɗaya, biyu, har takwas, a jere kamar an zubar da ƙarafa. Sai shiru. Na karanta Fatiha har ƙarshe ban ji na tara ba. Na kai bakin zaure da ƙafa ba takalmi kafin na ji shi. Da yamma yara suna ta faɗi wai Malam Nasidi ko gezau bai yi ba.

Innarka ta ce kullum da safe sai ya ɗaure kai da rawani tamau kafin ya iya fita. Ta yi masa maganar dispansar, ya ce, "Wurin da ake kai masu raunin harsashi da adda, ni in je in tsaya a layi da ciwon kai? Uwaisu ya je?" Ka ji. Da sunan mijina yake rufe mata baki.

Saura kwana goma a lissafina. Ba na iya zama, ba na iya fita. In zauna a tabarma in tashi, in je bakin rijiya in dawo, in ɗauki carbi in manta inda na tsaya. Duk wanda ya yi sallama da ƙarfi sai in zabura in nufi zaure.

Kai ɗansa ne. Ka ce wani abu.

Hureira

*

Kano
9 ga Janairu, 2015

Yaya Hureira,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ki lafiya, ke da Ulfa da Inna. Ni lafiya, wayata ce aka zare mini a mota, sai na sami wata zan aiko da lamba. Wasiƙarki ta Disamba ta zo jiya, ban kwana da ita ba na zauna amsawa.

Yaya, ki daina ƙirga. Babu littafin da ke faɗin kwanakin mutum, kuma sandar nan ba ta auna ajali. Laifina ne, na rubuta miki kamar ina amsa jarrabawa. Abin da masu binciken suka gani, a cikin taron dubban mutane suka gan shi, ba a goshin mutum ɗaya ba. Da yawa daga masu jinkirin sun tsufa lafiya, wasu masu saurin kuma sun riga su. Mutum yana iya kamawa a talatin da huɗu don bai yi barci ba, ko don hankalinsa na kan tukunya. Sabuwa tana iya binne mu duka. Ki ba ta haƙuri, ki ce ni ne na jawo.

Ko Yaya Uwaisu ma ba zan iya rantsuwa a kan abin da ya kashe shi ba, tun da ba wanda ya duba shi. Abin da ya tsorata ni a kansa shi ne mutum mai sauri ya koma jinkiri cikin 'yan makonni, ga ciwon ƙeya. Shi ne kuma yake tsorata ni a kan Baba. Amma irin wannan sau da yawa akwai magani, in an auna da wuri. Ba hukunci ba ne, ƙwanƙwasa ƙofa ne.

Na so in taho. Na gaya wa Baba kafin a sace wayar, ya ce in na bar karatu na shigo hanyar nan bai yafe mini ba.

Saura abin da nake jin nauyin rubutawa. Baba ba zai je ba matuƙar yana ganin jinkirinsa jarunta ce, kuma 'yan layi suna tafa masa. Ni in na faɗa, yaro ne ɗan boko. Inna in ta faɗa, tsoron mata ne. Mutum ɗaya ne ya ji daga bakin Yaya Uwaisu abin da yake ji idan an yi harbi. Na san abin da nake roƙo, na san na Ulfa ne zan taɓa. In kin ce ba za ki iya ba, wallahi ba zan riƙe ki ba. Amma ubana ne, dole in roƙa.

Ƙaninki,
Zaharaddini

*

Kilomita Biyar
23 ga Fabrairu, 2015

Ƙanina Zaharaddini,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, Allah ya mayar maka da wayarka da mafi alheri. Mu muna lafiya. Babanka yana da rai, in fara da wannan don kada ka yi tsalle zuwa ƙasan takarda. Wasiƙarka ta tara ga Janairu sai sha shida ga wannan watan ta iso, ta yi saɓani da tawa. Ka yafe mini abin da na rubuta a cikin waccan.

Na aika wa Sabuwa ta zo, na ba ta haƙuri, na karanta mata inda ka ce za ta binne mu. Ta ce, "Allah ya sa, amma ɗan bokon nan zan fara da shi." Mun shirya.

Ɗaya roƙon naka kwana uku na yi ina juya shi. Na aika Baffa ya zo, bai zo ba. Ranar Alhamis da hantsi, saura kwana tara in fita takaba, na sa hijabi na fita. Wata huɗu ban taka titi ba. Na same su a kan benci a ƙofar shagonsa suna shan shayi, su shida.

Sharu ya fara ganina, ya ce, "Subhanallahi! Maman Ulfa, takabar fa?"

Na ce, "Tana nan, zan koma mata."

Baffa ya ce, "Koma gida, zan zo."

Na ce, "Ba za ka zo ba, Baffa. Wata biyu ke nan. Kuma maganar ta waɗannan ce su ma, su suka fara ta."

Na tsaya a gefe na dubi ƙasa na faɗa. Na ce Baban Ulfa yana jin tsoron harbi har ranar da ya bar duniya, ni na zauna da shi shekara goma sha uku, na sani. Na ce tsayuwar da kuke gani yana yi, ƙafarsa ce ba ta amsa masa. Na faɗi maganarsa yadda ya faɗa mini, da dariyar da na yi. Na ce shayi mai tafasa ya zube masa bai janye ba, wanda ya yi masa wanka ya ga tabon a ƙafar dama.

Sharu ne ya yi masa wanka. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Na gani."

Na ce, "Kun yaba masa, ni ma na yaba, har ya faɗi. Yanzu kun koma kan Baffa."

Baffa ya ce, "Kin gama?" Na ce na gama. Ya ce, "Kin kunyata mamaci, kin kunyata mai rai. Tafi."

Na juya ke nan na ji Sharu yana cewa a hankali, "Malam Nasidi, harbin Asabar ɗin nan na watan jiya fa, ni na jawo ka ta riga. Ido biyu kake kallona ba ka motsa ba." Ban tsaya jin amsa ba.

Juma'a shiru. Asabar da sassafe Baffa ya sa babbar riga kamar mai zuwa suna, ya ce wa 'yan layi Innarka zai kai a duba mata ƙafa. Ita ta ba ni labarin sauran. Da aka gama da ita ya ce wa ma'aikaciyar, tun da ya zo, ta ɗaura masa abin nan shi ma ya gani. Ta auna, ta sake aunawa, ta koma ɗaya hannun. Ta ce masa da Sango, "Baba, da ƙafarka ka zo?" Ashirin bisa sha biyu, ta ce jinin ya hau ƙwarai, kai ka san ma'anarsa. Ba su bar shi ya tashi ba sai la'asar. Sun ba shi ƙwayoyi na wata ɗaya. Innarka ta ce a gabanta yake sha, yana harararta.

Amma matar ta ce akwai abin da ta ji a bugun zuciyarsa da bai yi mata ba, sai an sa shi a na'ura. Nan ba su da ita, inda take kuma a cikin gari ba wurin zuwanmu ba ne yanzu. Ta ce in da hali a kai shi Kamaru, kada a daɗe.

Bai yi mini magana ba har yau. Wasu a unguwa sun ce na yi daidai, wasu sun ce baƙin ciki ya taɓa mini kai. Wannan bai dame ni ba.

Ulfa a makaranta ta ji. Wata yarinya ta ce mata ashe babanki ba jarumi ba ne, ciwo ne. Ta dawo ba ta tambaye ni komai ba. Ta naɗe tabarmarta ta koma wajen Innarka, kwana uku ke nan. In na aika da abinci tana ci, in dai ba a ce daga ni ba ne. Ina so in gaya mata mutumin da ke jin tsoro haka amma kullum ya fita ya buɗe shago don mu ci, ban san sunan da za a ba shi ba in ba wanda take so ba. Sai dai in na shirya maganar a raina, da na hango ta a tsakar gida sai ta watse.

Abdulganiyu zai tashi ranar Alhamis, shi zai kawo maka wannan har iyaka. Ya ce ya bar wa Baffa kujerar gaba. In wannan ta same ka Baffa bai hau ba, ka buga masa waya, ko za a dace.

Baffa bai ce zai hau motar ba tukuna. Ni kuma ban zauna da Ulfa ba.

Yayarka,
Hureira